Amsa: Tarar Saher ta faɗo a kan igamata, alhali ba ni na tuƙa ba

Ɗan'uwa, ka ce ka ara wa abokinka mota a Jidda, ya keta danja, kyamarar Saher (na'urar da ke kama masu karya dokar hanya a Saudiyya) ta ɗauka, tara ta zo da sunanka, kana tambaya ko za ka iya share ta har ka koma gida. A'a, kada ka kuskura. Kyamara lambar mota take gani, ba ruwanta da wanda ke riƙe da sitiyari, kuma motar a kan igamarka, wato katinka na izinin zama, take da rajista. Keta danja tararsa daga riyal 3,000 ne zuwa 6,000. Muddin ba a biya ba, ba za ka sabunta istimara (takardar rajistar mota) ko lasisi ba, kuma bizar fita da dawowa ma za ta maƙale, sai ranar tafiya ta matso hankalinka ya tashi.

Sharaɗi ɗaya ne zai fitar da kai: in ka yi masa tafwidi, wato izinin tuƙa motarka, a Absher (manhajar gwamnatin Saudiyya) kafin ya karɓi makulli, to a kansa laifin zai hau. In ba ka yi ba, ka zauna da shi ya kawo kuɗin, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ƙorafi ta Absher yana nan cikin kwana 30, amma "ba ni ba ne" babu hujja ba ya zuwa ko'ina. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Na ga irin gudun da ake yi a titin Makka bayan Isha, mutanenmu cike da mota har da yara a cinya. Wanda ya keta danja da motarka, don Allah kada ka sake ba shi ita.