Hoton Kaka, Uwa da Jika: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kama da "Yau da Gobe"

Tambayoyi huɗu suka taru a hannuna, kuma duk a kan hoton iyali suke kewayawa. Zan fara da wadda ta fi daɗewa tana jira.

Wata mai karatu ta rubuto cewa: "Malam, na jera hotuna uku a kan tebur, na kakata, na mahaifiyata, da nawa, kowaccenmu tana wajen shekara 25 lokacin da aka ɗauka. Duk wanda ya gani sai ya ce kamar an tsaga kara. Me wannan magana take nufi? Kuma ita kalmar hoto Hausa ce?"

Malama, hoto kalmar aro ce daga Turanci, inda ake furta ta da "f" a farko. Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta "f", ba da leɓe da haƙori ba, shi ya sa idan ta zo gaban "o" ko "u" takan koma "h" a bakin mutane da yawa. Haka muke jin fushi da hushi, furfura da hurhura. Da kalmar ta zauna sai ta ɗauki jam'i irin namu, hotuna, kamar yadda kwando ya ba da kwanduna. Kafin ta zo muna da sura da siffa da taswira, duk daga Larabci. A Larabci sura ita ce ma hoton kansa, amma mu mun bar ta a kan ƙirar jiki, muka bar taswira a kan zane, musamman zanen ƙasa. Kada a haɗa wannan surar da surar Alƙur'ani, don a rubutun Larabci ba harafi ɗaya suka fara da shi ba.

Shi kuwa tsaga kara, ki ɗauki kara ki raba shi biyu daga sama har ƙasa. Duk inda gaɓa take a wannan ɓari, nan take a wancan, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. A kunnena maganar ta fi dacewa da tagwaye ko 'yan'uwan da ke kusa da juna a haihuwa, domin ɓarin kara biyu lokaci guda suke samuwa. Tsakanin uwa da 'ya an fi cewa "kamar ta yi kaki ta tofar", wato ɗaya daga jikin ɗaya ta fito. Amma masu kallon hotunanki ba su yi kuskure ba, kuma abin da ya burge ni ke nan a wasiƙarki. A rayuwa ba ki taɓa ganin kakarki tana budurwa ba, tun da kika buɗe ido tsohuwa kika tarar. Hoton ne ya tsayar da ku uku a shekaru ɗaya, ya mai da kaka da jika tsarar juna. A kan teburin nan babu babba babu ƙarama, don haka karan ya tsagu daidai.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ce mai koyon ɗaukar hoto. Ya ce ya ƙudurta zai riƙa ɗaukar iyayensa da ƙannensa sau ɗaya kowace shekara, a tsaye wuri ɗaya, yana neman karin maganar da zai sa wa aikin. Shi "gani ya kori ji" ya zaɓa, yana tambaya ko ta yi.

Ɗana, ba ta yi laifi ba, amma ta yi wa aikinka faɗi. Kowane hoto a duniya gani ne ya kori ji. Naka aikin yana da wani abu na daban, kuma Hausa ta riga ta raɗa masa suna: "Yau da gobe ba ta bar komai ba."

Ka tsaya ka dubi ginin maganar. Yau kalma ce, gobe kalma ce, an haɗa su da "da", ka ga kamar ya kamata a ce "ba su bar komai ba". Amma "ta" ake cewa. An dunƙule su sun zama abu guda mai aiki da hannunsa. Ka kuma lura babu jiya a ciki. Ba a ce shekaru ba, ba a ce zamani ba, an ɗauki taki mafi ƙanƙanta, daga wannan rana zuwa mai bi mata, wanda a cikinsa ba ka ganin komai ya sauya. Fuskar mahaifinka ta yau ita ce ta gobe. Kana gaishe shi kullum, ba za ka iya nuna ranar da furfura ta ci gemunsa ba, ko ranar da tamoji suka zauna a gefen idonsa. Idon da ke tare da mutum shi ne na ƙarshe wajen ganin tsufansa. Sai baƙon da ya shekara goma bai zo ba ne zai riƙe baki. To kyamararka za ta zama wannan baƙon, mai zuwa sau ɗaya a shekara.

Akwai waɗanda suka riga ka. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Nicholas Nixon, ya fara ɗaukar matarsa da 'yan'uwanta mata uku a 1975, ya ci gaba kowace shekara har fiye da shekara 40. Hotunan fari da baƙi ne, kuma matan huɗu ba sa sauya jeri, wadda ke hagu a farko tana hagu har kullum. A Ajantina kuma Diego Goldberg ya fara da kansa da matarsa a 1976, yana maimaitawa kowace ranar 17 ga Yuni, fuska kawai, tana kallon kyamara kai tsaye. Da aka haifi 'ya'yansu maza uku sai kowanne ya shiga layi daga shekarar da ya zo. Idan ka ɗauki hotuna biyu masu bin juna a cikin waɗannan ayyuka, da ƙyar ka ga bambanci. Ka tsallake goma ka duba, sai gabanka ya faɗi. Kafaɗun da suke a miƙe sun ɗan sunkuya, matan da suke tsaye kowacce da nata wuri sun soma jingina da juna, jaririn da ke ƙasan layi ya fito da gashin baki. Darasin da ke ciki gare ka shi ne ka hana komai motsi, wuri da jeri da nisan kyamara, don ya zama yau da gobe kaɗai ke aiki a cikin hoton.

Na taɓa gwada abin a kaina ba da niyya ba. Na je ɗaukar ƙaramin hoto na takardu, da aka miƙo mini sai na ga wani layi a tsaye tsakanin girata biyu, ya ɗan karkata hagu. Na san layin nan. Shi nake kallo ina yaro in gane ko mahaifina yana cikin tunani, in ja da baya da surutuna. Na daɗe a tsaye da hoton a hannu, har mai ɗaukar ya tambaye ni ko bai yi kyau ba ne.

Wani kuma ya tambaya a taƙaice: "Me ya sa ake cewa wanke hoto, alhali ba a sa masa ruwa?" Da ana sa masa. Tun da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa a 1839, sinadarai ne suka riƙa fito da hoto, har zuwa ƙarshen zamanin fim. A zamanin fim, a ɗaki mai duhu ake tsoma takardar a ruwan magani har sura ta bayyana, a sake tsoma ta a wani da zai kafe ta, sannan a ɗauraye da ruwa a shanya. Aikin ya koma na inji da tawada, kalmar ta tsaya inda take. Hoton da haske ya yi wa yawa kuma har yanzu cewa ake ya ƙone.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce da ta haɗa mutum huɗu a hoto guda: kakarta, mahaifiyarta, ita, da jaririyarta. Tana son sanin me jaririyar take ga tsohuwar, kuma ko "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ta dace a rubuta a ƙasa, tunda duk hancinsu ɗaya.

Jaririyar tattaɓa-kunnen tsohuwar ce: 'ya, jika, sannan tattaɓa-kunne. Kalmar daga taɓa take, an ninka farkonta don nuna maimaici, kamar yadda buga ke komawa bubbuga. Dukansu kuwa zuriya ce, ita ma daga Larabci, ko ki ce tsatso ɗaya. Tunda zancen kunne ya taso, ki dubi na tsohuwar a hoton ki gwada da naki. Wani likita a Ingila, James Heathcote, shi da abokan aikinsa sun auna kunnuwan mutum 206, ya wallafa a 1995 cewa kunne yana ƙara tsawo da kusan milimita 0.22 a shekara. A hoton zuriya huɗu abin yakan fito sarai.

Amma barewar nan, Hajiya, ki ajiye ta tukuna. Karin maganar a kan aiki take da hali da ƙwarewa, gudu ake magana, ba ƙirar ƙafa ba. Hanci ɗaya kama ce kawai, kuma an ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya ɗauko fuskar ubansa kaf yana iya barin halinsa, har a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na sha ganin yaron da aka ɗora wa nauyin wani mamaci don kawai ya ɗauko idanunsa, ana jiran ya yi haƙurinsa ko ya bi sana'arsa, abin yana damuna ƙwarai. Jaririyarki ko rarrafen ba ta fara ba. Ki rubuta sunayensu huɗu a bayan hoton, da shekarun kowacce, da ranar da aka ɗauka, da alƙalamin da ba ya gogewa.