Alhaji, shinkafar 'yan lokeshan ka saya, ba fim ba

Wani Alhaji mai shagon shadda da atamfa a babbar kasuwar Katsina ya turo mini tambaya. Ɗan yayarsa ya gama karatu, yana da hannu a ɗaukar hoto, sai suka yi shawarar buɗe kamfanin shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango. Alhaji ya zuba naira miliyan shida, aka ɗauki fitowa goma sha uku tsakanin Katsina da Daura, aka ɗora a YouTube, jama'a suka kalla. Yanzu yaron ya ce a ƙaro miliyan goma a yi zango na biyu, wai wata tashar talabijin ta nuna sha'awa. Alhaji yana tambaya ko ya sayar da filinsa na hanyar Dutsin-ma ya ƙara. A ƙasan saƙon, kamar abin da bai da muhimmanci, ya ce tashar YouTube ɗin da rajistar kamfanin duk da sunan yaron aka yi, "tunda shi ya san kan abin."

Alhaji, ajiye maganar fili tukuna. Wannan layin na ƙarshe shi ne matsalarka.

Ka gaya mini me ka mallaka yau. Tasha ta yaro ce, imel ɗinta da lambar sirrinta suna wayarsa. Asusun da kuɗin talla ke faɗawa nasa ne. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunansa ne a jiki. Asalin hotunan da aka ɗauka suna cikin kwamfutarsa, ko ma ta mai editin da kai ba ka taɓa gani ba. Miliyan shidanka sun tafi a hayar kamara, man janareta, kuɗin 'yan wasa da shinkafa da wake da aka ci a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. An ci, an wanke hannu. Abin da ya rage mai daraja shi ne haƙƙin mallakar shirin, kuma ba ka da ko layi ɗaya a rubuce da ya ce naka ne. Kai da ba ka yarda dila ɗaya ya bar shagonka ba tare da an shigar da shi littafi ba.

Wannan sana'ar ba kamar atamfa ba ce, da in ka yanka yadi shida ka miƙa ya tafi ke nan. Shiri ɗaya ana sayar da shi yau ga wannan tasha, baɗi ga waccan, a ɗora a intanet, a fassara shi, a sake haskawa bayan shekara goma, kuma yana nan bai ragu ba. Haskawar farko da kyar take mayar da uwar kuɗi. Ribar tana cikin maimaici, kuma mai takarda ne ke cinta.

Akwai wani kamfani a Amurka da ya kamata duk mai son shiga harkar nan ya san labarinsa. Sunansa Desilu, mata da miji ne suka kafa shi a 1950, Lucille Ball da Desi Arnaz, sunayensu suka haɗa suka raɗa masa. A 1951 za su fara wasan barkwancinsu, I Love Lucy, a tashar CBS. A zamanin yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su, in an gama sun bi iska sai dai kwafi marar kyau. Su kuwa suka dage sai an ɗauka a kan fim mai inganci. Tashar ta ce da tsada. Suka ce to a rage dala dubu ɗaya daga albashinsu duk mako, amma fayafayan su zama nasu. Aka yarda, don ba wanda ya yi zaton mutane za su zauna su sake kallon abin da suka riga suka gani. A 1957 CBS ta dawo ta sayi waɗannan fayafayan a hannunsu a kan sama da dala miliyan 4, kuma a shekarar Desilu ya sayi ɗakunan ɗaukar fim na kamfanin RKO. Ka duba da kyau: sun haƙura da kuɗin hannu don su riƙe mallaka. Kai kuma ka ba da kuɗin hannu, ka bar wa wani mallaka.

Ga inda ya fi shafarka. Auren nasu ya mutu a 1960. Kamfanin bai mutu ba, domin kason kowa a rubuce yake. A 1962 matar ta sayi kason mijin, a 1967 ta sayar da shi ga kamfanin Gulf+Western a kan dala miliyan 17, ya koma ɓangaren talabijin na kamfaninsu na fina-finai, Paramount. Mutanen da suke kwana ɗaki ɗaya sun rubuta. Kai kana jin nauyin ɗan yayarka.

Na san abin da za ka ce, yaron kirki ne, a hannunka ya tashi. Ban musa ba. Ba sai ya zama ɓarawo ba kafin ka yi asara. Ya isa ya yi aure, ko wani ya ja shi Kano, ko ku saɓa kan wadda za ta fito a jaruma, ko Allah ya yi masa rasuwa magada su ce tasha gadonsu ce. Ranar ka je gaban alƙali, doka tana kallon wanda ya tsara yin fim ɗin a matsayin mai shi sai in an rubuta wani abu daban, kuma miƙa haƙƙin mallaka ba ya tabbata da baki, sai a rubuce. Kai hujjarka alat ɗin banki. Shi kuma zai ce kawu ne ya taimaka masa da jari, kuma yayarka za ta tsaya a bayansa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ka fi ni sani.

Na ga irin wannan da idona. Zamanin da kasuwar faifan CD ke tashe, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke juya harkar, wani abokina ya yi fina-finai huɗu. Duk wanda ya gama sai ya kai wa dillali asalin faifan, a ƙirga masa kuɗi a leda, ya dawo yana murna. Babu takardar da ta ce na shekara nawa ne, ko na CD kaɗai ne. Kasuwar ta mutu, masu tura fim a waya suka cinye ta. Bayan shekaru muna zaune a rumfar mai shayi wajen Ƙofar Ƙaura, wani yaro kusa da mu yana kallo a waya yana ƙyalƙyala dariya. Abokina ya ji muryar da ya sani, ya leƙa. Fim ɗinsa ne, a tashar wani, talla na katse shi duk bayan 'yan mintuna. Ya ajiye kofin shayin bai ƙarasa ba. A ɗakinsa har yau akwai buhu biyu na fastocin fim ɗin, ɓera ya ci gefensu.

Maganar tashar da "ta nuna sha'awa" kuwa, sha'awa ba ciniki ba ce. Tambayi yaron abu uku: saye za su yi ko haya, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai biya wa. Sau da yawa a tashoshinmu kai ne za ka sayi lokaci, sannan ka bi kamfanoni kana neman talla. In kuma su za su biya, wace takarda za a sa wa hannu, da sunan wa? Tun da tashar talabijin ta Arewa24 ta fara a 2014 matasa suka ga wasan Hausa mai dogon zango zai iya zama sana'a, kuma gaskiya ne. Amma kowane yaro mai kamara yanzu gani yake saura ƙiris ya zama attajiri, kuma wannan mafarkin ya cinye filaye da yawa a garin nan. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, sai dai tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai ta mai kallo a Ingila ko Saudiyya daraja ba. Don haka yawan masu kallo da yake nuna maka a waya ba shi ne lissafi ba. Ka ce ya buɗe maka shafin kuɗin, wata-wata, tun daga fitowar farko. Saƙonka bai ambaci ko naira ɗaya da ta dawo hannunka ba, kuma na lura.

Kada ka sayar da filin. Kira yaron gida, ba shago ba, ka sa babban wansa ko wani dattijo na dangi ya zauna. Kada ka fara da zargi. Ce masa kana son abin ya girma, kuma babba ba ya tsayuwa a kan baki. A mayar da kamfanin mai hannun jari, sunanka ya shiga, shi ma a ba shi kaso na gaske don guminsa jari ne. Ko kashi 60 da 40 kuka yi ban ga laifi ba. Lauya ya rubuta cewa zango na farko mallakar kamfani ne. Tasha ta koma ƙarƙashin imel na kamfani, kuɗin talla su riƙa shiga asusun da ku biyu ke sa wa hannu. A kwafi asalin hotunan a ma'ajiya biyu, ɗaya ta kwana a durowar shagonka. 'Yan wasa da mai waƙar buɗe shiri su ma su sa hannu cewa an biya su. Duk wannan ba zai ci maka kuɗin dila ɗaya na shadda ba.

In ya sa hannu da sakin fuska, ku yi zango na biyu da abin da na farko ya kawo, ka cika da abin da shago zai iya ɗauka ba tare da ya girgiza ba, fitowa huɗu tukuna ku ga kamun ludayin tashar. In kuwa ya fara cewa "Kawu, ashe ba ka yarda da ni ba," ka lissafa miliyan shidan a gudummawar da ka ba ɗan yayarka, ka yi masa addu'a, ka koma kan atamfarka.