Tambaya da Amsa: Ina Ci Ina Ƙoshi, Amma Ba Ni da Ƙarfi

Tambaya: Malama, fura nake sayarwa a Gawon Nama. Ina cin tuwo na ƙoshi, amma tun da na haihu kasala ta ƙi sakina, ko dakan gero na fara sai haki. Ina abincin yake tafiya?

Amsa: Sannu ƴar'uwa, Allah ya raya. Wannan tambaya ita ce nake so ɗalibaina na ajin kimiyya a nan Sakkwato su riƙa yi.

Tuwon da kika ci, hanji ne ke narka shi ya zama sukarin da ake kira gulukos, jini ya raba shi ga ƙwayoyin halittar jiki. Amma ƙwayar halitta ba ta aiki da gulukos kai tsaye. Sai ta farfasa shi ta haɗa wani sinadari mai suna ATP, shi ne ke motsa damtsenki in kin ɗaga taɓarya, da shi zuciya ke bugawa. Yawancin aikin yana gudana ne a cikin wasu ƴan sassan ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya, kuma wani masanin kimiyya mai suna Hans Krebs ne ya bayyana wani muhimmin zagaye na wannan aiki a Ingila a 1937.

Ga inda matsalarki za ta iya kasancewa. Ki cika murhu da gawayi, in ba iska ba zai ruru ba. Haka jiki yake: idan oksijin, wato sinadarin da jiki ke ɗauka daga iskar da muke shaƙa, ya wadata, gulukos ɗaya na ba da ATP kusan 30. Idan ya yi ƙaranci, 2 kacal ake samu, saura ya koma wani sinadari mai tsami. Ta wannan gajeriyar hanya ce ma ƙwayoyin bakteriya ke sa nonon da kike dama fura da shi ya yi tsami.

Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗauko oksijin daga huhu, kuma ba sa samuwa yadda ya kamata sai da sinadarin ƙarfe. Goyon ciki yana cinye shi, zubar jinin haihuwa ma haka, zazzaɓin cizon sauro kuwa fasa ƙwayoyin yake yi. Sai mace ta ƙoshi amma jikinta na neman iska, shi ya sa hakin. Abin da ke yi mini ciwo shi ne yadda ake ce wa irin waɗannan mata ragwaye.

Ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba. Ki je asibiti a yi miki gwajin PCV, wato na auna yawan jajayen ƙwayoyin jini, da na maleriya cikin makon nan. In an ba ki maganin ƙarin jini, ki shanye shi ko da bayan gidanki ya yi baƙi, ba illa ba ce. Ki yawaita hanta, wake da zogale, ki haɗa da lemo ko gwaiba, shayi kuma ki jinkirta shi bayan cin abinci don yana rage shigar ƙarfen. In jiri ko bugun zuciya ya tsananta, ki tafi a ranar.