Kan maganar imel ɗin da ka tambaya

Naga saƙonka tun jiya da daddare, wai ko dole ne sai ka kashe kuɗi ka buɗe imel mai sunan sana'arka tunda Gmail kyauta ne kuma duk saƙo ɗaya suke kaiwa. Da naso in shareka wallahi, don abinda ka kwana biyu a shagona ya kamata ace ka sani, amma tambayar ta tayar min da wani miki da har yau bai warke ba, shi yasa na zauna nake rubuta maka.

Kai kazo ka tarar da shago a tsaye ne, baka san lokacin da na kusa rufe shi ba. Akwai wata baturiya a Jamus mai kantin kayan hannu, ta fara da alabe guda goma, ta dawo ta ɗauki tumtum, a hankali har amana ta shiga tsakaninmu. Sai ta bada odar jaka 120 na jar fatar akuyar Sakkwato, irin wadda turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko alhali daga nan ƙasar take fita. Ni da kaina na dinga zarya Majema ina zaɓar fata ɗaya bayan ɗaya, wadda aka jeme da bagaruwa, in shinshina in murza, duk wadda naga tabon wuƙa in ture ta gefe. Wata biyu da rabi muna kai, mu shida, har sai da basilla ta fasa min yatsa ya kumbura nake ɗaure shi da tsumma ina ci gaba. Ta bada rabin kuɗi tun farko, ragowar dala 4,000 sai kaya sun tashi.

Lokacin adireshina irin na kyautan nan ne, sunana da wasu lambobi a baya, wani yaro a kafe ya buɗe min. Ashe wani ɗan iska ya samu shiga yana karanta duk abinda muke rubutawa, har yau ban sani ba ko ta wajena ya shiga ko ta wajenta. Yaga takardar kuɗin, yaga ranar da kaya zasu tashi. Sai kawai yaje ya buɗe adireshi irin nawa sak, harafi ɗaya ya canza, inda nake da l ya sa 1, kuma abinda ke bayan alamar @ iri ɗaya ne tunda kowa ma zai iya buɗewa a wurin cikin minti biyar ba mai tambayarsa ko shi waye. Ya rubuta mata da irin gaisuwata, har yadda nake rufe wasiƙa ya kwaikwaya, yace mata wai akawun ɗina ya samu matsala ta tura ragowar wani akawun. Ta tura.

Ni ina nan ina jiran alat, sati ɗaya, sati biyu, ina jin nauyin in tambayeta kar tace na matsa. Da na kasa haƙuri na kirata sai tace ai ta biya tuni, ta turo min shaida. Na kalli sunan akawun ɗin, ban taɓa jinsa ba a rayuwata. Nan take gumi ya keto min, na zauna a kan buhun fata na kasa ko salati mai kyau. Na yi zaryar banki, na kai ƙara, na sha cike takardu, ko sisi bai dawo ba, an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Ita kuma tace bazata biya sau biyu ba. Babur ɗina na sayar na sallami yara da masu fata. Amma abinda yafi cina har gobe ba kuɗin bane, maganar da ta rubuto min ce daga ƙarshe, wai bata da tabbacin ba da haɗin bakina akayi ba. Ni! Da na gaji dukanci wajen mahaifina, ba wanda ya taɓa kama ni da cin ƙwandalar wani a Kurmi. Bata sake sayen ko maɓallin jaka a hannuna ba.

Toh kaji dalilin da yasa yau in ka duba katina zaka ga sunan shagon ne bayan @ ɗin, ba sunan wani kamfani ba. Wannan sunan, domen suke ce masa, saye akeyi kuma duk shekara sai ka sabunta, in ka bari ya mutu wani zai iya ɗauka ya dinga karɓar saƙon kastomominka, don haka ka rubuta ranar a bango. In mai .ng ko .com.ng kake so, NiRA ce ke kula dasu, ta hannun dillalan da ta amince dasu ake saye. Akwatin saƙon kuma ko Google Workspace da ake biya duk wata ko Zoho, su Zoho suna da tsarin kyauta na mutum biyar. Yadda ake haɗawa ba zan tsaya karanta maka ba, ku da kuke kwana da waya a hannu in baka iya wannan ba me ka iya.

Kuma kar ka ɗauka da ka saya shikenan ɓarawo ya mutu. Shima zai iya sayen suna mai kama da naka, sai dai yanzu sai ya cire kuɗi ya bar sawu, kuma kastoma yana da abinda zai gwada da wanda ke jikin shafinka da rasit ɗinka. Shi yasa a ƙasan kowace takardar kuɗi nake rubutawa da manyan baƙi cewa lambar akawun ɗina bata canzawa ta imel, duk wanda yaga saƙo irin haka ya kirani yaji muryata. Ka kunna lambar nan da ake turowa waya kafin a shiga, kuma kalmar sirrinka ko ƙaninka kar ya sani.

Abinda ke bani haushi da ku yaran yanzu kenan. Mutum zai tara kuɗi ya sayi waya mai ido uku, datan TikTok baya yanke masa, amma ɗan kuɗin da zai kare sunan sana'arsa na shekara guda sai ya tsaya yana tambaya ko dole ne. Na ga adireshin da ka turo min hoton jakunkunanka dashi, da sarkin gayu da wasu lambobi, haba ɗana, wane mai hankali ne zai tura maka dala ta wannan? Ko ni da na sanka bazan tura ba.

Ka zaɓi suna gajere wanda bature zai iya rubutawa in ka faɗa masa a waya, in da hali ya zama shine wanda zaka yiwa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka kawo min uku gobe da safe in duba, kuma ka taho da jakar nan mai ruwan ƙasa, ɗinkin hannunta ya karkace sai an warware.