Me ya sa yarsagumba ke ƙaranci?

Malam, ka tambayi dalilin ƙarancin wannan maganin. Wani irin naman kaza ne da ke cinye tsutsa a ƙarƙashin ƙasa, ya huɗo ta kanta kamar tsinke, a tsaunukan Tibet, Nepal da Bhutan, sama da mita 3,000. A watan Mayu da Yuni mutane ke rarrafe cikin ciyawa suna nemansa. Matsalar kuwa, wanda bai nuna ba ya fi tsada, sai a tone shi kafin ya watsa irinsa. A ganina Bhutan ta fi dabara: tun 2004 sai da lasisi ake tono, lokaci ƙayyadadde, a sayar ta gwanjo. A 2020 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa.