Faifai ɗaya a RAID1 ya fara nuna matattun sekta: in cire shi?

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Sabarmu ta Linux tana da faifai biyu a RAID1 (tsarin da kowane faifai ke riƙe da kwafin bayanai iri ɗaya) ta manhajar mdadm, sai smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna Current_Pending_Sector 8 a ɗayansu, wato ƙananan gurabe (sekta) 8 da suka ƙi karantuwa. Mai gyara ya ce in zare shi yau. In bi maganarsa?

Amsa: Kada ka zare shi tukuna. Idan md, wato sashen Linux da ke kula da RAID, ya kasa karanta wata sekta, yakan ɗauko ta daga ɗaya faifan ya sake rubuta ta a inda ta mutu, faifan kuma ya mayar da wurin kan sektocinsa na ko-ta-kwana. Idan rubutun ma ya ƙi, daga kanel (zuciyar Linux) 3.1 zuwa sama md yakan sa wurin a jerin matattun gurabe maimakon korar faifan. Duba jerin da mdadm --examine-badblocks.

Wannan magana ta “cire shi a sa sabo” ita ke cinye bayanan mutane, kuma na gaji da jin ta daga bakin masu gyaran ganin ido. Wa ya ce maka ɗayan lafiyarsa ƙalau? Galibi rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha. Akwai wuraren da aka yi watanni ba a karanta ba, ba wanda ya san halinsu. Kana zare na farko, dole a karanta na biyu tun daga farko har ƙarshe, babu mai rufa masa baya. Aka ci karo da sekta ɗaya da ta mutu, ko kwafin ya tsaya, ko a rubuta wurin a matsayin matacce a kan sabon faifan da bai yi laifin komai ba. Ga shi kwafin da ke da lafiya a wurin nan yana kan wanda ka jefa a durowa!

Fara kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Sannan ka jona sabon faifai da --add, ka ba da --replace a kan mai ciwon, a yi kwafi alhali tsofaffin biyu suna ciki.

Bayan nan, kowane wata ka rubuta check a cikin /sys/block/md0/md/sync_action (md0 sunan RAID ɗin ne) don md ya karanta faifan duka ya gano matattun sektoci. Ka kuma sa smartctl -l scterc,70,70 don faifai ya haƙura da sektar da ta ƙi karantuwa bayan daƙiƙa 7, domin kanel daƙiƙa 30 kawai yake jira. Idan faifan bai karɓa ba, ɗaga timeout ɗinsa, wato lokacin da kanel ke jiran sa, zuwa daƙiƙa 180.