Abin da gashin matan Japan ke faɗa a hotunan nan

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin tambaye ni dalilin da ya sa matan da ke cikin tsofaffin zane-zanen Japan ɗin nan da ake bugawa da allon katako kullum suna taje kai ko suna gaban madubi, kuma ko gyaran gashin nasu yana da ma'ana.

Yana da ita ƙwarai. A wancan zamani gashin mace ke faɗin matsayinta tun ba ta buɗe baki ba. Budurwa tana yin ɗaurin da suke kira shimada, ta sa kimono, wato rigarsu ta gargajiya, mai dogayen hannuwa suna reto. Matar aure kuwa marumage take yi, gashin a dunƙule, hannun rigarta gajere. Aiki ne ja: a shafe gashin da mai, a taje da matajin katako, da dare kuma ta ɗora wuya kan ɗan matashi mai gindin katako don kada ɗaurin ya ɓaci, kamar yadda mace ke kaffa-kaffa da sabon kitso.

To idan kika ga mace ta kwance gashi ya zubo, kamar a hoton da mai zane Hashiguchi Goyo ya fitar a 1920, ki sani an kai ki ƙuryar ɗaki ne, inda baƙo ba ya leƙawa. Nan ne abin ke sosa min rai, domin maza ne suka zana, masu saye kuma da yawansu mutanen Amurka ne da Turai. Su kansu Japanawa ba duka suka aminta ba: hoton mai zane Torii Kotondo na farkon shekarun 1930, na mace kwance da sassafe gashi a hargitse, hukuma ta hana sayar da shi.

Gwanintar kam ba a musunta. Watanabe Shozaburo, ɗan kasuwar da ya farfaɗo da sana'ar buga hoto da allon katako wajen 1915, yakan haɗa mai zane da masassaƙi da mai bugawa. Kowane launi da nasa allon katako, silin gashi kuma da wuƙa ake fitar da shi ɗaya bayan ɗaya. Girgizar ƙasar 1923 ta cinye kantinsa na Tokyo har da allunan, ya sake farawa.

Ki kuma lura, a shekarun da ake buga hotunan, wasu 'yan matan Tokyo sun riga sun yanke gashi, sun koma rigunan Turawa, suna aiki a ofisoshi da manyan kantuna. Ba kasafai za ki gan su a hotunan da aka fi yayi ba, masu saye tsohuwar al'adar suke nema.

Ki gaida mamanki.